Jirgi ko Jarumi: Wa Ya Cancanci Lambar Yabon Yaƙin Ruwa?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton jirgin ruwan yaƙin Amurka daga kusa zai lura da wasu 'yan zane-zane masu launi iri-iri, jere bisa juna, an shafa su da fenti a gefen ɗakin da kyaftin yake tsayawa yana ba da umarni. Kwafin 'yan ƙyallayen nan ne da soja yake maƙalawa a ƙirjin kakinsa a madadin lambobin yabo, sai dai a nan jirgin kansa aka ba. Mai karatu na iya cewa wannan wane irin shirme ne. Ƙarfe ba ya jin tsoro balle a ce ya danne tsoron ya yi jarumta, ba ya zubar da jini, bai baro mata da 'ya'ya a gida ba. Me zai sa gwamnati ta zauna ta rubuta takardar yabo da sunan tarin ƙarfe? Ra'ayina shi ne, a yaƙin ruwa, lambar da ake ba jirgi ɗungurungum, kowa da ke cikinsa ya samu rabo daga kyaftin har kuku, ta fi kusa da gaskiyar abin da ya auku fiye da wadda ake zaɓar mutum guda a rataya masa. Tana da nata aibun, kuma za mu zo gare su, amma ta fi 'yar'uwarta ƙarancin ƙarya.

Jirgin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne USS Enterprise, mai ɗaukar jiragen sama, wanda aka ƙera a Newport News ta jihar Virginia, ya fara aiki a 1938. Babu jirgin Amurka da ya kai shi tara lambobi a Yaƙin Duniya na Biyu: taurarin yaƙi 20, da yabon Shugaban Ƙasa, da yabon rundunar sojan ruwa. Ranar 7 ga Disamba 1941, lokacin da Japan ta kai farmaki Pearl Harbor, rashin kyawun yanayi ne ya jinkirta shi a hanyarsa ta dawowa daga tsibirin Wake, ya tsallake rijiya da baya. A watan Afrilun 1942 shi ya yi rakiyar jirgin Hornet da ya ɗauki jiragen da suka fara jefa bam a Tokyo. A yaƙin Midway, ranar 4 ga Yunin shekarar, Japan ta yi asarar manyan jiragenta huɗu masu ɗaukar jiragen sama, kuma matuƙan Enterprise suna da hannu a nutsar da uku daga ciki, wato Akagi da Kaga da Hiryu. Sunayen da tarihi ya riƙe daga wannan rana su ne Wade McClusky, wanda ya ci gaba da neman abokan gaba alhali man jiragensa na ƙarewa, da Richard Best, wanda bam ɗinsa ya halaka Akagi. Dukansu sun samu Navy Cross, lamba ta biyu a daraja a sojan ruwan Amurka, kuma babu mai cewa ba su cancanta ba.

Sai dai a dubi abin da ya faru da jirgin nan wata biyu da rabi bayan haka. Ranar 24 ga Agusta 1942, a gabashin tsibiran Solomon, bama-bamai uku suka faɗa masa, suka kashe mutum fiye da 70. Masu kashe gobara suka shawo kan wutar, masu walda suka toshe ramukan da ke filin saukar jirage, cikin kimanin sa'a guda jirage suka ci gaba da sauka. Ana cikin haka ruwa da kumfar kashe wuta suka malala cikin ɗakin injin da ke juya akalar jirgin, can ƙasa a ƙarshen bayansa, injin ya mutu, akalar ta ƙage gefe guda. Ƙaton jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 2,000 ya shiga zagaye wuri ɗaya, a daidai lokacin da rukuni na biyu na jiragen Japan ke sama suna nemansa. Zafin ɗakin ya sumar da waɗanda ke ciki. Makanikai ne suka yi ta kutsawa cikin wannan zafi har suka tayar da injin ko-ta-kwana bayan fiye da rabin sa'a. Da ba su yi ba, ko da jiragen Japan sun iske shi yana wannan zagaye, da labarin Enterprise ya tsaya a nan, da taurarinsa ba su kai rabin 20 ba. Wata biyu bayan nan, a yaƙin Santa Cruz, aka sake jefa masa bam biyu, mutum 44 suka mutu, Hornet ya nutse, Enterprise ya zama shi kaɗai ne mai ɗaukar jirage da ya rage wa Amurka a fagen daga a tekun Fasifik. Da aka buƙace shi a Guadalcanal cikin Nuwamba, ya tashi daga Noumea masu gyara na cikinsa suna ta bugun guduma da walda a kan hanya.

Abin lura a nan shi ne yadda yaƙin ruwa ya bambanta da na tudu. Sojan ƙasa, idan wuta ta yi wuta, yana da zaɓi ko da ɗan ƙanƙani ne: ya kwanta a rami, ya ja da baya, ya ɓace cikin daji. Saboda yana da wannan zaɓi, idan ya tashi ya tunkari wuta an ga jarumtarsa a fili. Wanda ke ɗakin tukunyar tururi a hawa na biyar ƙarƙashin bene ba shi da inda zai je. An kulle ƙofofin ƙarfe a kansa da gangan domin kada ruwa ya ratsa daga ɗaki zuwa ɗaki, ba ya ganin abokin gaba, ba ya sanin yadda yaƙin ke tafiya sai ta jijjigar da yake ji a tafin ƙafarsa, kuma ya sani sarai cewa idan jirgin ya kife shi ne na ƙarshen fita, in ma ya fita. Aikinsa shi ne ya zuba ido kan ma'aunin tururi kada ya sauka. Babu hafsan da zai gan shi ya rubuta masa takardar shaida, domin abin da ya yi bai wuce tsayawa a inda aka ajiye shi ba. Amma igwa ba ta juyawa sai da wutar lantarkin da yake samarwa, jirgin sama ba ya tashi daga bene sai jirgin ruwan ya yi gudun da zai ba shi iska. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a kan teku wannan ba wa'azi ba ne, yadda aka ƙera jirgin ke nan.

Wannan ne ya sa a watan Fabrairun 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro yabon Shugaban Ƙasa ga runduna, wanda ake ba jirgi ko ƙungiyar mayaƙa gaba ɗaya. Ƙa'idarsa ita ce rundunar ta yi aikin da in da mutum ɗaya ne ya yi shi, da Navy Cross za a ba shi. A Disamba 1944 aka ƙaro na biyu, yabon rundunar sojan ruwa, mai daraja daidai da lambar Silver Star. Jirgin da ya samu yana ɗaga wata 'yar tuta ta musamman, kuma duk wanda yake cikinsa a lokacin da aka yi aikin yana da ikon saka ƙyallen a ƙirjinsa har ƙarshen ransa, ko an mayar da shi wani jirgin. Admiral Chester Nimitz ne ya miƙa wa Enterprise nasa ranar 27 ga Mayu 1943, domin ayyukan da ya yi daga ranar harin Pearl Harbor zuwa tsakiyar Nuwamba 1942, shi ne kuma mai ɗaukar jirage na farko da ya samu. Har ma'aikatan jirgin gyara Vestal da suka bi shi Guadalcanal suna walda an saka su cikin yabon, alhali ba 'yan jirgin ba ne.

Ingila ta gane wannan matsala tun kafin Amurka, ta kuma warware ta da wata dabara mai ban sha'awa. A cikin dokokin Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya, akwai sakin da ya ce idan runduna ta yi bajinta tare har aka kasa bambance wane ya fi wane, to su da kansu su jefa ƙuri'a su fitar da wanda zai karɓa a madadinsu. A watan Yunin 1917 aka yi amfani da shi a kan HMS Pargust, ɗaya daga jiragen tarko da ake yi wa shigar jirgin 'yan kasuwa domin yaudarar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus. An harbe shi da nakiya, wasu ma'aikatan suka yi kamar sun firgita suka gudu a kwale-kwale, sauran suka kwanta shiru a bayan igwogin da aka ɓoye, jirgin na shan ruwa, har jirgin Jamus ya taso ya matso kusa, sannan suka buɗe masa wuta suka nutsar da shi. Wa za a zaɓa a nan? Wanda ya yi motsi ɗaya ba kan lokaci ba ya kashe kowa. Aka ce a yi ƙuri'a, hafsoshi suka zaɓi Ronald Stuart, ƙananan ma'aikata suka zaɓi William Williams, aka kuma rubuta a takardar aikin kowane ɗan jirgin cewa ya shiga ƙuri'ar. Wato hukuma da kanta ta amsa cewa mindar da ke ƙirjin mutum biyun nan ta jama'a ce, riƙo aka ba su.

Idan ana son ganin ɓarnar da rarrabe 'yan jirgi ɗaya ke haifarwa, a dubi USS Franklin. Da safiyar 19 ga Maris 1945, yana kimanin mil 50 daga gaɓar Japan, jirgin sama guda ɗaya ya ɓullo daga cikin gajimare ya sakar masa bam biyu, a lokacin da benensa ke cike da jiragen da aka ɗura wa mai aka loda wa bama-bamai da rokoki. Jirgin ya yi sa'o'i yana fashewa da makaman kansa. Lissafin farko ya ce mutum 724 suka mutu, bincike na baya ya kai adadin sama da 800. Duk da haka bai nutse ba, daga bisani ma da injinsa ya tafi har New York. An yi rabon lambobi da ba a taɓa yi wa 'yan jirgi ɗaya irinsa ba. Mutum biyu suka samu Medal of Honor, wadda babu ta sama da ita a Amurka: limamin Kirista na jirgin, Joseph O'Callahan, da ya jagoranci masu jiƙa ma'ajiyar makamai da jefar da harsasai masu zafi cikin teku, da Donald Gary, da ya gano hanya cikin hayaƙi ya yi ta komawa har ya fitar da mutum kusan 300 da suka maƙale a ɗakin cin abinci. Bayan su aka raba Navy Cross 19 da Silver Star 22, kyaftin ɗin jirgin, Leslie Gehres, yana cikin masu Navy Cross.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗaruruwan 'yan jirgin sun tsinci kansu a ruwa a wannan rana, wasu ƙarfin fashewa ne ya cilla su, wasu wuta ce ta ritsa su a gefen bene babu mafita sai tsalle, wasu kuma sun tsallaka jirgin Santa Fe da ya matso ya kwashi mutane, bisa abin da suka fahimta umarni ne. Gehres ya ɗauke su a matsayin waɗanda suka gudu. Ya kafa abin da ya kira ƙungiyar 704, adadin waɗanda ya ce sun tsaya tare da jirgin, ya buga musu kati, ya ware sauran, har ya nemi a gurfanar da wasu hafsoshi gaban kotun soja. Hukumar sojan ruwa ta yi watsi da tuhumar a asirce, daga baya kuma aka gano cewa waɗanda ba su taɓa barin jirgin ba a ranar ba su kai 704 ɗin ba. Amma tabon ya zauna. Mutanen da suka ƙone, suka yi iyo cikin ruwan sanyi, suka rasa abokansu a wuta guda, sun yi shekaru suna ɗauke da sunan matsorata, don kawai bam ya same su a wannan kusurwar bene, bai same su a waccan ba. Wanda ya tsaya da wanda ya faɗa ruwa, a mafi yawan lokuta, wurin aikin da aka rubuta musu ne ya raba su. Lambar da za ta ce jirgin Franklin da mutanensa sun jure abin da ba a taɓa jurewa ba, ba za ta yi wa kowa ƙazafi ba.

Suka ta farko da ake yi wa lambar jama'a tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. A cikin mutum 2,000 dole akwai rago, akwai wanda ya ɓuya a lungu, akwai wanda ranar yaƙin yana kwance a asibitin jirgin da zazzaɓi. Duk za su saka ƙyalle ɗaya da makanikin da ya shiga ɗakin zafi. Ina adalci a nan? Amsar ita ce babu wanda ya ce a soke lambar mutum ɗaya. Tana nan, kuma wanda ya yi abin da ya wuce na kowa, aka kuma gan shi, a ba shi. Tambayar ita ce wane kuskure ya fi muni: a haɗa rago guda cikin yabon mutum dubu da suka yi aikinsu, ko a bar dubun nan hannu rabbana domin kada ragon ya samu? Ƙari a kan haka, lambar jama'a ba ta da'awar cewa kowa jarumi ne. Abin da take cewa shi ne wannan jirgi ya yi kaza a rana kaza, wannan mutum kuma yana cikinsa, ya ɗauki kasadar da kowa ya ɗauka. Wannan magana gaskiya ce ko a kan mai zazzaɓin, domin nakiya ba ta tambayar wanda ke bakin aiki. Lambar mutum ɗaya kuwa da'awarta ta fi girma: wannan ya fi sauran. Kafin ta tabbata sai an samu wanda ya gani, ya rayu, ya rubuta, sannan na sama da shi ya yarda.

A wannan sarƙa ta gani da rubutu da yarda ne son zuciya yake samun ƙofa. Doris Miller baƙar fata ne daga Texas, ma'aikacin ɗakin abinci a jirgin West Virginia, domin a lokacin wannan ne kusan aikin da sojan ruwan Amurka ke ba baƙi. Ranar harin Pearl Harbor ya taimaka wajen ɗauke kyaftin ɗinsa da ya ji mummunan rauni, ya kama bindigar kakkaɓo jirage da ba a taɓa koya masa ba ya yi ta harbi, sannan ya shiga ceto waɗanda suka jikkata. Jerin yabo na farko da hukuma ta fitar bai ma ambaci sunansa ba, an dai ce wani baƙar fata. Jaridar baƙaƙen Amurka, Pittsburgh Courier, ita ta tono sunan ta yi ta matsa lamba, har aka ba shi Navy Cross ranar 27 ga Mayu 1942, a kan benen Enterprise. Shi ne baƙar fata na farko da ya same ta, ya kuma rasu a Nuwamba 1943 lokacin da aka nutsar da jirgin Liscome Bay. A duk tsawon wannan yaƙi babu baƙar fata ko ɗaya da aka ba Medal of Honor, sai a 1997 Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai na sojan ƙasa, ɗaya kaɗai ke raye a cikinsu. Ba za a ce a cikin baƙaƙe fiye da miliyan ɗaya da suka sa kaki babu jarumi ba. Masu riƙe da alƙalami ne ba su rubuta ba. A cikin jirgin da ya samu yabon Shugaban Ƙasa kuwa, mai wanke kwanuka baƙar fata ya saka ƙyalle iri ɗaya da kyaftin, domin sharaɗin kawai sunanka ya kasance a rajistar jirgin, babu hafsan da zai tace.

Wani zai kawo labarin USS Mason ya ce ai lambar jama'a ma ana danne ta. Haka ne. Mason ƙaramin jirgin rakiya ne da yawancin ma'aikatansa baƙaƙe ne. A Oktoba 1944 ya raka ayarin ƙananan jirage cikin wata muguwar guguwa a tekun Atilantika, benensa ya tsage, suka yi masa walda a tsakiyar igiyar ruwa, suka kai wasu jiragen gaɓar Ingila suka koma neman sauran. Kwamandan ayarin ya rubuta a yaba musu, takardar ta shiga aljihun tebur, sai bayan shekara 50 aka cika. Amma a lura da yadda aka iya gyara wannan zalunci: littafin aikin jirgi yana nan, rahoton ayari yana nan, ranar da wurin duk a rubuce. Abin da jirgi ya yi yana da wuyar ɓoyewa. Abin da mutum ɗaya ya yi a cikin hayaƙi, idan shaidunsa sun mutu, ya tafi ke nan.

Suka ta biyu ta shafi ƙidayar taurari, kuma a nan masu sukar suna da gaskiya fiye da yadda masoya jiragen yaƙi ke so su amsa. Tauraron yaƙi shaidar halarta ne kawai: jirgi ya kasance a fagen wani gumurzu da hukuma ta lissafa, sai a ƙara masa tauraron tagulla guda, biyar su zama na azurfa ɗaya. Saboda haka wanda ya daɗe a raye shi ke tara su. USS San Diego ya samu 18, na biyu bayan Enterprise, ba tare da an taɓa yi masa mummunar illa ba. USS Samuel B. Roberts kuwa tauraro ɗaya tak gare shi. Wannan ɗan ƙaramin jirgin rakiya, wanda nauyinsa bai kai tan 2,000 ba, yana cikin 'yan jiragen da suka tari babbar rundunar Japan kusa da tsibirin Samar na Filifin ranar 25 ga Oktoba 1944, rundunar da ke da manyan jiragen igwa huɗu, ciki har da Yamato mai nauyin tan kusan 70,000. Roberts ya kutsa ya harba nakiyoyinsa, ya ƙarar da kusan duk harsasan igwarsa, aka nutsar da shi tare da mutum kusan 90. Japanawa suka juya, sojojin Amurka da ke sauka a Leyte suka tsira. A 2022 aka gano gawar jirgin a zurfin kusan mita 6,900. Wanda ya auna 18 da ɗaya ya ce San Diego ya fi Roberts jarumta sau 18 bai fahimci abin da yake ƙirgawa ba. To amma me ya gyara wannan giɓi? Yabon Shugaban Ƙasa ne, da aka ba rukunin da Roberts ke ciki gaba ɗaya, jirage 13 da matuƙan jiragen samansu, waɗanda wasunsu suka yi ta shawagi kan jiragen Japan babu ko harsashi a bindigarsu domin su raba musu hankali. Kwamandan jirgin Johnston, ɗaya daga cikin jiragen rukunin, Ernest Evans, ya samu Medal of Honor bayan mutuwarsa, ya kuma cancanta, amma mutum 186 ne suka mutu a jirginsa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wajenmu, ko da yake ta hanyar sojan ƙasa ya zo. Dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙin Bama, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka dawo da lambar jarumta ta ƙashin kansu. Abin da ya wanzu shi ne sunayen fagagen da suka yi yaƙi tare, waɗanda aka sa wa barikoki: Myohaung da Arakan a Legas, Kalapanzin a Kaduna. Sojan ruwan Ingila ma haka yake yi, sunan fagen daga ake rubutawa a allon katako a cikin jirgi, sabon jirgin da ya gaji sunan ya gaji allon.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi: gwamnati ce ke ba da lamba, gwamnati kuwa tana da abin da take son a tuna da abin da take son a manta. Ranar 8 ga Yuni 1967, ana tsakiyar yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, jiragen sama da kwale-kwalen yaƙin Isra'ila suka far wa USS Liberty, jirgin leƙen asirin Amurka, a tekun Bahar Rum kusa da Sina'i. Mutum 34 suka mutu, 171 suka jikkata. Isra'ila ta ce kuskure ne, ta biya diyya, gwamnatin Amurka ta amince, da yawa daga waɗanda suka tsira kuma har yau ba su yarda ba. Jirgin ya samu yabon Shugaban Ƙasa. Kyaftin William McGonagle, wanda ya ƙi barin wurin aikinsa sa'o'i da dama yana zubar da jini, ya samu Medal of Honor. Amma maimakon Shugaba Johnson ya rataya masa a fadar White House kamar yadda aka saba, sakataren sojan ruwa ne ya ba shi a wani sansani a Washington, kuma takardar yabon ba ta faɗi ƙasar da ta kai harin ba. An yaba wa mutumin, an rufa wa ƙawa asiri, duk a takarda ɗaya.

Wannan suka ba ta da amsar da za ta share ta, kuma ta shafi nau'o'in lambar duka biyu. Iyakar abin da za a ce shi ne, lamba, ta jirgi ce ko ta mutum, tana ba da shaida kan yadda aka yi aiki, ba ta ba da shaida kan ko aikin ya halatta. Ko a nan ma, idan aka duba inda aka fi murɗa gaskiya, a lambar mutum ɗaya ne, domin ita ce mai ɗauke da hukunci kan halin wanda aka ba. Ranar 3 ga Yuli 1988, USS Vincennes, yana musayar wuta da ƙananan kwale-kwalen Iran a mashigin Hormuz, ya harbo jirgin fasinja na Iran Air da ya tashi daga Bandar Abbas zuwa Dubai. Mutum 290 suka mutu, 66 daga ciki yara ne. Amurka ta ce 'yan jirgin sun ɗauka jirgin yaƙi ne ke sauko musu, alhali na'urorin Vincennes ɗin kansa sun nuna jirgin yana hawa sama ne a kan hanyar fasinja. 'Yan jirgin sun samu ƙyallen da ke shaida cewa sun shiga musayar wuta, wanda ko an ƙi ko an so haka ɗin ya faru. Kyaftin Will Rogers kuwa, a 1990, aka ba shi lambar Legion of Merit saboda nagartar jagorancinsa a shekara biyun da ya riƙe jirgin, takardar ba ta ambaci jirgin fasinjan ba ko da kalma ɗaya. A 1996 Amurka ta amince ta biya iyalan mamatan dala miliyan 61.8, ba tare da ta amsa laifi a shari'ance ba, kuma ba a janye lambar kyaftin ɗin ba.